Benci Goma Sha Ɗaya

Ni kafinta ne a Gadarif,
jikan mai niyyar Makka da guzuri ya ƙare masa a nan.
Bayan shagona akwai majami'ar mutanen Duwatsun Nuba,
rufin kwano, bangon laka,
ƙararrawarsu tsohon wilin tarakta.
Ni na yi musu benci goma sha ɗaya da katakon gabaruwa,
suka biya ni da riɗi, buhu biyu da rabi,
rabin ma sai da wata kakar ta zagayo.

Shekara ashirin Kuku Andarawus na yi musu wa'azi.
Leburan gona ne, injin casa ya cinye masa yatsa.
Littafinsu na zaune a kansa
kamar yadda awo ke zaune a idona.

Sai ga takarda daga Khartum, da hatimi:
daga yau ba mai hawa mumbari
sai wanda ya yi shekara huɗu a makarantar horo.
Takardar ta zo da yaro, Filibbus Tiya,
da taye a wuya,
da akwatin littattafai da ya sa jaki durƙusawa.

Ina sassaƙa, ina jin su ta kan katanga.
Wasu na cewa: wa ya ba Khartum akalarmu?
Ran da ruwa ya ci bangon nan, majalisa ta zo da cebur?
Wasu na cewa: Kuku na tuntuɓe a aya,
yana haɗa annabi da annabi kamar mai ɗinkin tsumma,
'ya'yanmu 'yan boko na ƙunshe dariya a bencin baya.
Daga nan magana ta sauka kan akwatin baiko:
wa zai riƙe makulli,
dattawan da jama'a ta zaɓa
ko wanda aka naɗo daga nesa?
Aka ɗaga hannu, aka ƙirga,
aka ce ƙirgar ba ta ƙirgu ba.

Ranar Litinin suka zo da amalanke biyu.
Biyar nan, biyar can.
Na sha ɗaya ya tsaya tsakar fili
kamar akuya ranar rabon gado.
Suka ce, Malam Jatau, kawo zarto.
Na ce, ƙafa biyu gare shi, ɗaya a kowane kai,
in na raba, kowa zai tafi da gurgu.
Ku bar shi wurina har ku shirya.

Ban yi musu dariya ba.
A unguwarmu an taɓa sallar Idi biyu
saboda rawanin liman ɗaya.
Ni kaina ban san inda gaskiya ta kwana ba:
ba takarda ce ta koya min riƙe guduma ba,
amma yarona Barau, da ya ce ya iya tun bai iya ba,
ya yi kujerar da ta kayar da surukinsa.

Yau damina uku ke nan.
Kuku kan zo da hantsi, wai duba ko gara ta taɓa shi,
ya zauna a kan dama, ya sha shayi.
Filibbus kan zo da la'asar, shi ma wai gara,
taye ya tafi, wuyan riga ya koɗe,
ya zauna a kan hagu.

Makon jiya ruwa ya tsare su tare.
Lakar Gadarif ba ta barin mai fushi ya tafi da sauri.
Can yaron ya tambaya, idonsa a ƙasa,
me ake ce wa uwa a bakin kabarin ɗanta,
don wannan ba ya cikin akwatin.
Tsohon ya jima bai amsa ba.
Sai ya zaro takarda daga aljihu,
wata kalma ce a kai
da ta shekara ashirin tana yi masa gardama.

Tsakaninsu kamu uku na katako, ba kowa a kai.
Na ƙara gawayi, na mayar da buta.
Kuɗin ajiya dai,
har yau ba wanda ya ɗauko zancensa.